Soyayya a Bakin Daga: Fim Ɗin da Kannywood Ba Ta Yi Mana Ba

Masu shirya fim a duniya sun daɗe da gano cewa in kana so mutane su zauna su kalli yaƙi, to ka ba su masoya biyu. Amurkawa sun yi Gone with the Wind a 1939 a kan yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. An yi Doctor Zhivago a 1965 a kan juyin juya hali da basasar Rasha. Indiyawa kuma suna da Gadar na 2001, wanda ya ɗora soyayya a kan zubar da jinin da aka yi wajen raba Indiya da Pakistan a 1947. Wasu na ganin wannan cin fuska ne ga waɗanda suka mutu. Ni ban ga haka ba. Adadin gawa ba ya sa mutum hawaye, amma mace guda da ke jiran miji a bakin ƙofa tana sa shi.

A Najeriya, wanda ya fi fice shi ne Half of a Yellow Sun na 2013, wanda marigayi Biyi Bandele ya shirya daga littafin Chimamanda Adichie a kan yaƙin basasar Biyafara. Hukumar tace finafinai ta ƙasa ta riƙe shi watanni a 2014 kafin ta bari a haska shi a gida. Ɗan Arewa da ya kalle shi zai ji wani abu ya tokare masa ƙirji, domin kusan duk inda namu suka fito, da bindiga suka fito, musamman a wurin kisan 'yan ƙabilar Ibo a filin jirgin saman Kano a 1966. Na sha jin ana cewa an yi mana rashin adalci. To amma kisan nan ya faru, yunwar da ta hallaka yara a Biyafara ita ma ta faru, kuma babu wanda ya hana mu ɗaukar kyamara. Su sun ba da labarinsu daga inda suka tsaya. Mu ina namu?

Kannywood ta haura shekara talatin tun Turmin Danya na 1990, kuma soyayya ce jarinta. An yi ta ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, an yi ta kishiyoyi, an yi ta auren dole har an gaji. Amma yaƙin da aka gwabza daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970, wanda samarin Arewa suka shiga soja dominsa tuli, an bar shi a bakin 'yan mazan jiya, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Alhali labarin yana nan a ƙasar Gumel. Layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru ta Gagarawa ya bi. A ɗauki saurayi da aka ɗaura wa aure bayan kaka, ya tsaya a tashar nan tsakanin buhunan gyaɗa da ƙullin kayansa, amarya ba ta ma rako shi ba saboda kunya, sai ƙanenta ta aiko da 'yar dakkuwa a ƙunshe. Wasiƙa ta zo sau ɗaya, malamin makaranta ya karanta mata a zaure tana bayan ƙyaure. Daga nan shiru. An gama yaƙi, wasu sun dawo, shi ba gawa ba labari. Iyayenta su ce ta je gaban alƙali, domin fiƙihun Malikiyya yana da babi sukutum a kan matar wanda ya ɓace. Uwar mijin kuma ta ce ɗanta na raye. Ta yi idda, ta yi wani auren, ta haihu, sai ga shi ya sauko daga mota da ƙafa ɗaya. Wane fim ɗin Indiya ne ya fi wannan ciwo? Kuma ba a buƙatar tankar yaƙi ko guda wajen ɗaukarsa.

Ga kuma ɗaya ɓangaren, wanda ya fi wuyar faɗa: maƙwabcin nan Inyamuri mai kanti da ya gudu a 1966, da wanda ya ɓoye shi a rumbu, da wanda ya nuna inda yake. Dukkansu namu ne. Fim ɗin da ya nuna wanda ya ɓoye shi, ya rufe wanda ya tona shi, farfaganda ce, kuma jikokin waɗanda suka gudun da ke zuwa sayen shanu a Maigatari duk Alhamis za su gane.

Wanda yake tsoron 1967 ma yana da wata basasar a kusa. Bayan rasuwar Sarkin Kano Bello a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, Yusufu mai neman sarautar ya fice Takai da magoya bayansa, aka yi ta yaƙi har Alu Babba na ɓangaren Yusufu ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. 'Yan gida ɗaya ne, jikokin Sarki Dabo, auratayya ta sarƙe su. Matar da mijinta Batukure ne, wanta kuma yana cikin Yusufawa, ina za ta sa kanta?

Fargabata ɗaya ce, kada a mayar da yaƙin kayan ado: a sa wa jarumi kakin soja mai guga, a kai shi lambu ya yi rawa da waƙa, a ce an yi tarihi. In haka za a yi gara a bari. Yaƙin ne ya kamata ya juya masoyan, ya sauya musu hali, ya hana su abin da suke so, mai kallo ya tashi ya san dalilin da ya sa aka yi shi da abin da ya ci. Hukumar tace finafinai ta Kano kuma ta yi haƙuri da irin wannan aiki, kada ta ga kalmar Biyafara ta ɗauko almakashi.

Marubutanmu, tsofaffin sojojin nan da matansu sun haura saba'in, da yawa sun kai tamanin. Ku je Gumel da Sule Tankarkar da ƙauyukan Gagarawa, ku gaishe su, ku zauna a tabarma ku naɗi muryarsu tun suna iya ba da labari.