Katun ɗin Kizazi Moto: Abin da 'Yan Unguwa Ke Faɗi da Abin da Na Gani

Wannan karon maganar katun zan yi, kuma na san wasu dattawa za su ce me ya haɗa liman da zanen yara. Abin da ya haɗa mu shi ne abin ya shigo gidajenmu ta wayoyin 'ya'yanmu, kuma mutane sun rabu a kansa, wasu na yabo wasu na tsinuwa, galibi ba tare da sun kalla har ƙarshe ba.

Sunan abin Kizazi Moto, kalmomin Suwahili ne da ke nufin tsara mai wuta a jika. Gajerun fina-finai ne guda 10 na zane mai motsi, kowanne bai wuce minti goma da 'yan kai ba. Kamfanin Disney na Amurka ya fitar da su a watan Yulin 2023, tare da kamfanin Triggerfish na Afirka ta Kudu. Masu shiryawar sun fito daga ƙasashe 6: Najeriya, Masar, Kenya, Uganda, Zimbabuwe da Afirka ta Kudu. Duka labaran na ƙagen kimiyya ne, wato a hango yadda Afirka za ta kasance nan gaba, da jirage masu zuwa sararin samaniya da mutum-mutumi, amma a cuɗa su da tatsuniyoyi da al'adun kowace ƙabila. Lokacin da suka fito, manhajar Disney+ ba ta aiki a Najeriya. To amma ku kun san halin masu tura fim a waya, daga Wunti har Muda Lawal babu abin da ba ya isowa memori.

Na zauna na kalli goman nan, wasu sau biyu, kuma na saurari mutane a shago da bakin masallaci. Ra'ayin ya kasu uku.

Matasa, musamman ɗaliban jami'ar ATBU da na foli, murna suke yi. Hujjarsu ita ce tun suna yara katun ɗin da suka sani ko Bature ne jarumi ko ɗan Japan, baƙar fata in ya fito to ɗan rakiya ne. Yau ga baƙar mace tana tuƙa jirgi, ga makiyayi ya zama gwarzo. Wannan magana tasu gaskiya ce, ban raina ta ba. Yaron da bai taɓa ganin mai kama da shi yana ƙera wani abu ba, da wuya ya sa wa ransa zai ƙera.

Kaso na biyu malamai ne da wasu iyaye maza, waɗanda suka ce shirka ce zalla aka naɗe a leda mai ƙyalli: alloli, kakanni da ake roƙo, bokaye masu duba. Su ma ba ƙarya suka yi ba, akwai wannan a ciki, kuma ba kaɗan ba.

Kaso na uku su ne suka fi yawa, kuma su suka fi ba ni tsoro: masu cewa ai katun ne kawai, a bar yara su sha kallo. Zan dawo kansu.

Inda nake ganin kason farko da na biyu suka yi gaggawa shi ne sun yi wa fim goma hukunci ɗaya, alhali ba hannu ɗaya ya yi su ba. Ɗan kasuwa ba ya sayen buhu goma don ya soka ɗaya ya ga tsaba mai kyau, ba ya kuma mayar da goma don ɗaya ya yi ƙwari. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fi kwanta mini shi ne Herderboy, na Raymond Malinga ɗan Uganda. Makiyaya ne uku ke tsaron wasu shanu, rabinsu nama rabinsu na'ura, masu dogayen ƙahoni kamar jajayen shanun Bororo. Wani yaro mai suna Ndahura ya ɓuya a cikin garken don ya nuna shi ma namiji ne, sai ya yi karo da wani dodo mai siffar kura. Duk ɗan Bauchi zai gane wannan labari ba sai an fassara masa ba, mun san kiwo, mun san abin da ɓarayin shanu suka yi wa rugage. Abin da ya burge ni, ƙarfin tuwo bai fisshe yaron ba, sai da ya haɗa da tausayi. A wannan zamani da kowane fim ke koya wa yaro cewa mai bindiga shi ne mai gaskiya, wannan darasi ba ƙarami ba ne.

Na biyu a wajena Mukudzei, na 'yan Zimbabuwe. Wani matashi mai neman suna a intanet ya je ya ɓata ginin tarihin kakanninsa na dutse, sai ya tsinci kansa a wata Zimbabuwe da Turawa ba su taɓa mallaka ba, ta ci gaba da kanta. Da na kalla, ganuwar Bauchi ta faɗo mini a rai, wadda Malam Yakubu ya kewaye garin nan da ita. Yau sai sunayen ƙofofi, Ƙofar Ran, Ƙofar Wambai, Ƙofar Nassarawa, amma yara nawa ne a unguwarmu za su iya faɗa maka dalilin gina ta? Mu da kakanninmu suka zo da fatauci daga Kano da Katsina suka zauna a nan, mun fi kowa sanin abin da ake rasawa in yaro ya manta asalinsa.

Na Najeriya shi ne Moremi, na Shofela Coker, kuma a kansa aka fi musu. An ɗauko shi daga tarihin Yarabawa na Moremi ta Ile-Ife, wadda aka ce ta ba da ɗanta ga wani rafi don cika alkawarin da ta yi na ceton garinsu. A fim ɗin an mayar da ita masaniyar kimiyya, ta je ƙwato yaron daga wata duniyar ruhohi, wasu ƙattai na biye da su. Wani malami ya ce mini wannan tallar tsafi ce. Wata dattijuwa kuwa da ta kalla da jikokinta ta ce ita ba ta ga tsafi ba, uwa ta gani da ke cizon yatsa kan ɗan da ta bayar. Ni na fi karkata ga dattijuwar, domin fim ɗin bai yabi sadaukar da yaron ba, ciwon abin ya nuna. Kuma mu ma kada mu manta akwai Tsumburbura da Barbushe a tarihin Dala, ana karantar da shi ba don a koma gare shi ba. Uba mai hankali zai iya kallon wannan da ɗansa, in an gama ya ba shi ƙissar Annabi Ibrahim da ragon fansa, ya nuna masa yadda Musulunci ya rufe wannan ƙofa.

Stardust na Ahmed Teilab ɗan Masar yana buƙatar irin wannan zama. Wata yarinya Nawara, mai aikin bargar dabbobi da aka raina, ta kutsa bikin manya ta nemi wani mai duba ya ba ta takardar makomarta kamar yadda yake ba 'ya'yan masu hali. Ya miƙa mata takarda babu komai a ciki. Saƙon shi ne mutum ke rubuta makomarsa da hannunsa. Rabin wannan magana namu ne: babu boka ko ɗan duba da ya san gobe, kuma ɗan talaka ba a haife shi don ya dawwama a barga ba. Ɗaya rabin ne ke buƙatar gyara, domin imani da ƙaddara yana cikin shika-shikan imani shida. Hausawa sun riga sun daidaita abin da suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Yaro ya tashi, amma ya san wa ke taimakon.

Akwai biyu da ba zan ce a nuna wa ƙananan yara ba. Ɗaya shi ne You Give Me Heart, inda wai alloli ke samun ƙarfi daga yawan mabiyansu a soshiyal midiya, har ana gasar zama abin bauta. Na fahimci habaici ake yi wa masu haukar neman mabiya, kuma habaicin ya dace da 'yan TikTok ɗinmu. Amma yaro ɗan shekara bakwai ba ya gane habaici, kalmar da ya ji ita zai riƙe. Ɗayan shi ne Enkai, na Ng'endo Mukii 'yar Kenya. In maganar gwaninta ce, babu kamarsa a cikin goman, har lambar yabo ya ci a Amurka a 2024. Gida ne mai siffar ƙwarya yana yawo a sararin samaniya, launuka kamar zanen atamfa. To amma labarin uwa ce da 'ya masu ikon halitta, kuma sunan Enkai shi ne sunan da ƙabilar Masai ke kiran abin bautarsu. Kyawunsa ne ma ya sa na fi jin tsoronsa. Baligi mai karatu ya kalla ya san abin da wasu suka yi imani da shi, yaro kuwa a jira ya yi ƙwari.

Sauran huɗun ba su tsaya mini a rai ba. Mkhuzi tsere ne da ihu da walƙiya irin katun ɗin Japan, yara na sonsa, ni kaina ya yi ciwo. Matsalar da ta shafi kusan duka goman ita ce gajarta: an cusa labarin awa biyu cikin minti goma, kafin ka san sunan mutum an gama. Ga Turanci da sauri, wanda ya sa yawancin yaranmu hoto kawai suke bi.

Yanzu ga masu cewa ai katun ne kawai. Wallahi ku farka. A memorin da ake tura wa yara akwai wani jerin mai kama da wannan, Love, Death & Robots, na Netflix, wanda ya fara fitowa a 2019. Shi ma gajerun katun ne na ƙagen kimiyya, amma don manya aka yi shi, akwai tsiraici da zubar da jini ƙarara. Mai turi ba ya tantancewa, babban fayil ɗaya yake zubawa ya ce katun. Uwa na ganin zane ta ci gaba da girkinta. Mas'alar zana abu mai rai tsohuwa ce, malamai sun yi bayani, akwai masu tsanantawa akwai masu sassauci kan abin wasan yara da na koyarwa. Amma babu malamin da ya halatta a miƙa wa yaro waya a juya baya.

Abin da ya fi ci mini rai kuma daban ne. Labari goma daga Afirka, babu na Hausa ko ɗaya, mu da muke miliyoyi daga Sudan har Gana. Ba don ba mu da kaya ba. Tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka tafi da shi sararin samaniya. Ga Ruwan Bagaja, ga Ganɗoki, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi, ga Gizo da Ƙoƙi da kakanninmu mata suka raine mu da su. Ɗan garin nan, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya rubuta Shaihu Umar, har aka yi fim ɗinsa a 1976. Mun iya fassara fim ɗin Indiya zuwa Hausa cikin 'yan kwanaki, amma namu na kwance a kanta yana shan ƙura. Wanda bai dafa ba, ba shi da bakin cewa gishiri ya yi yawa a miyar maƙwabta.

Don haka shawarata ga iyaye: ku karɓi wayar ku fara kalla, minti goma ne. Herderboy da Mukudzei a bar yara su gani. Moremi da Stardust a zauna tare da su a yi bayani. Biyun can a ajiye. Ku kuma matasan da ke karanta kwamfuta a Yelwa da Gwallameji, yabon na wasu ya isa haka. Yaron da ke zane a bayan littafinsa na Islamiyya, maimakon bulala a nema masa wanda zai koya masa. Mu 'yan kasuwa da ke iya haɗa kuɗi don gasar ƙwallon unguwa, za mu iya haɗa na kwamfuta ɗaya.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mana imaninsu. Wassalam.