Maƙera da Bututun Bindiga: Nazari kan Gyaran Adaka a Ƙasar Kance

Garin Dawce yana cikin gundumar Kance, wadda hedikwatarta ke Matameye a jihar Damagaram, kusa da iyakar Nijar da ƙasar Daura, kuma a irin waɗannan garuruwa na manoma maƙeri yana cikin masu sana'ar da ba a iya rabuwa da su, domin shi ke ƙera fartanya da hauya da lauje, shi ne kuma maharbi ke nufa idan bindigarsa ta sami matsala. Bindigar da ake nufi ita ce adaka, wadda ake kira bindigar toka, wato wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a daka shi da sanda kafin a harba. Sassanta uku ne: ƙota, wato itacen da ake riƙewa, kunama da abin da ke tare da ita na tayar da wuta, sai bututu, wato dogon ƙarfen da albarushi ke ƙonewa a cikinsa. Biyun farko suna cikin abin da hannu da ido ke iya tantancewa, amma bututu yana ɓoye aibinsa har zuwa ranar da zai fashe, kuma a nan ne raunin wannan sana'a yake.

Sana'ar tana da tushe a tarihin yankin. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, birnin Zinder ya yi fice wajen tara bindigogi da haɗa albarushi da zuba igwa, har aka ruwaito cewa yana da bindiga wajen 6,000 da igwa 40, abin da masana tarihi irin su André Salifou da Joseph Smaldone suka lissafa cikin dalilan ƙarfin daular. Sai dai mafi yawan ƙananan bindigogin wancan lokaci sayo su ake yi, ta hanyar fataken Tarabulus ko daga bakin teku, saboda haka gwanintar maƙeran baƙi, wato masu aikin baƙin ƙarfe, ta fi ƙarfi a wajen gyara da sauya sassa a kan bututun da aka riga aka ƙera a Turai. Bayan yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda ta taƙaita shigo da makaman zamani cikin Afirka, da kuma kama Zinder da Faransawa suka yi a 1899, bindiga ta fita daga fagen yaƙin sarakuna, ta koma hannun maharba da masu gadin gona da 'yan bindigar fada da ke ɓarin wuta a hawan salla.

Babban canji ya zo ne sa'ad da tsofaffin bututu suka ƙare, maƙera suka koma ga ƙarafan juji, irin su bututun ruwa da tarkacen mota, kuma daga nan kuskure na farko ya samo asali. Bututun ruwa falle ne na ƙarfe da aka naɗe aka liƙe shi a tsawonsa, an yi shi ne domin matsin ruwa mai tafiya a hankali, alhali ƙonewar albarushi tana haifar da matsi mai tsanani cikin ƙiftawar ido, wanda ke neman wurin da ya fi rauni ya tsage. Maƙerin da ya gaji ilimin gane ƙarfe ta amonsa da launinsa a wuta yana iya sanin wanda zai yi fartanya mai kaifi, amma wannan ilimi ba ya nuna masa tsatsar da ta ci cikin bututu, ko siririyar tsaga da ke ƙarƙashin fata.

Kuskure na biyu yana a gindin bututu, wato ƙarshensa na baya da ake toshewa, wanda yake daidai da fuskar mai harbi. Duk ƙarfin da ke tura harsashi gaba, daidai da shi ne ke bugun wannan toshiya, saboda haka idan ta kwance, ido da goshi ne ke karɓar ta. Yana daga abin da ke ruɗar maƙeri cewa aikin da bai yi ƙwari ba yana iya jure harbi da yawa kafin ya ci amana, sai a ɗauka ya tsira, alhali kowane harbi ƙara masa gajiya yake yi. Haka nan mayar da bututun da ya lanƙwashe cikin wuta domin a miƙe shi da guduma yana sauya taurin ƙarfen a wurin da aka gasa, ya bar bango mai kauri a nan da siriri a can.

Kuskure na uku ya shafi zaman bututu a cikin ƙota, kuma yanayin ƙasar yana da hannu a ciki. Itacen da aka sassaƙa bai gama bushewa ba yana motsewa idan iskar hunturu ta kaɗa, ya kumbura idan damina ta sauka, sai bututun da ya zauna daram a watan da aka ɗora shi ya fara rawa bayan wata shida. Sakamakon farko shi ne saiti ya ɓace, maharbi ya riƙa kuskuren zabo yana zargin idonsa ko sammu, na biyu kuma ƙotar ta tsage a wurin da take karɓar naushin harbi. Ɗaurin waya ko robar taya da ake gani a jikin tsofaffin bindigogi yawanci shaida ce ta wannan matsala, kuma ɓoye ta yake yi ba tare da ya magance ta ba.

Ba duk laifin ke kan maƙeri ba, domin mai bindiga ma yana da nasa kaso. Akwai mai ɗura albarushi sau biyu bisa mantuwa, akwai mai ƙara shi da gangan a wurin biki domin ƙarar tasa ta danne ta abokansa, akwai kuma mai zuba garin harsashin zamani, wanda matsinsa ya zarce abin da adaka za ta iya ɗauka nesa ba kusa ba. Bindigar da aka jingine a ɗaki tun bara tana iya zama gidan zanzaro, bakinta ya toshe da laka, ga kuma tokar albarushi da ke jawo danshi ta haifar da tsatsa.

Turai ma ta sha irin wannan asara, abin da ta yi daban shi ne ta mayar da darasin doka, inda aka kafa gidajen gwajin bututu, kamar na Birmingham a Ingila da aka buɗe a 1813, waɗanda ke jarraba kowane bututu nesa da jikin mutum, su buga masa hatimi kafin a sayar. A ƙasar Hausa kuwa, duk da akwai Sarkin Maƙera mai sasanta 'yan sana'a, ba a sami hukumar gwaji irin wannan ba, sai darasin ya tsaya a bakin wanda ya rasa yatsa, ya mutu tare da shi. Dokokin yau kuma sun fi karkata ga hani, domin Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma da aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta buƙaci a sa ido kan masu ƙerawa a gida, ga kuma ta'asar ɓarayin daji a Katsina da Zamfara da kudancin Maraɗi, wadda ta sa hukuma ke kallon kowace maƙera da zargi. Wannan ya tura aikin cikin ɓoye, inda kuskure ba ya fitowa fili balle wani ya koya daga gare shi.

Abin da nazarin ke nunawa shi ne ilimin gado ya isa ga ƙota da kunama, amma bai isa ga bututun da ba a san asalin ƙarfensa ba, kuma babu ƙwarewar hannu da za ta maye gurbin gwaji. Saboda haka gwanin maƙeri a wannan zamani shi ne wanda ya san iyakarsa, ya ƙi taɓa bututun da ya tsage ko ya yi tsatsa, ya gaya wa mai shi cewa kwanansa ya ƙare, ko da hakan zai sa ya rasa ciniki. Idan ana son 'yan bindigar hawan salla su ci gaba da ɓarin wuta ba tare da asarar gaɓoɓi ba, wajibi ne masarautu da hukuma su yi rajistar masu gyaran da aka amince da su, su kuma samar da hanyar duba bindigogin kafin ranar hawa.