Jinjina ga Masu Bin Sawun Wuƙaƙen Indiya

Mai kuɗi na iya tara tsofaffin wuƙaƙen Indiya, amma masu wahalar gano asalinsu nake jinjina wa. Mutum zai ɗauki katar, wuƙar nan mai mariƙi kamar tsani, ya juya ta gaban haske yana neman zanen ruwa-ruwa na ƙarfen wutz, ya bi ɗigo-ɗigon lambar da aka buga a rumbun makaman Bikaner. Sau da yawa ya tarar an sauya mariƙin daga baya, kuma ya faɗi gaskiya ko da farashinta zai karye. Wannan riƙon amana ya fi burge ni. Mai son ganin zurfin aikin ya nemi littafin Robert Elgood na 2004 kan makaman Hindu.