Jaridun Yaƙi da Bauta da Muryar Bawa: Tarken Rawar Editoci

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu auna rawar da masu buga jaridu suka taka wajen yaƙi da bauta, mu kuma duba abin da hakan ke nufi ga nazarin tarihin ƙasar Hausa. Masu rubutu da dama sun saba jinjina wa editoci kamar su kaɗai suka karya sarƙar bawa. A ganinmu wannan yabo yana bukatar gyara.

Abin da Jaridu Suka Yi

Ba mu musanta ƙoƙarinsu ba. A Ingila, Zachary Macaulay ya kafa Anti-Slavery Monthly Reporter a 1825. A Amurka, William Lloyd Garrison ya fara buga The Liberator a Boston a 1831, bai daina ba sai 1865, shekarar da aka haramta bauta a ƙasar. Wasu ma sun biya da ransu, domin a 1837 gungun masu goyon bayan bauta sun kashe edita Elijah Lovejoy a garin Alton yana kāre injin ɗab'insa. Babban aikin waɗannan jaridu shi ne fito da abin da ke faruwa a gonakin bayi zuwa bainar jama'a, har ya zama abin muhawara.

Sai dai akwai tambaya: wa ke magana a shafukan? Galibi edita ne ke magana a madadin bawa. Wannan na cikin abin da ya sa Frederick Douglass, wanda shi kansa ya tsere daga bauta, ya kafa tasa jaridar, The North Star, a 1847, ko da yake Garrison bai so haka ba.

Misalin Baquaqua

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Djougou ta ƙasar Benin a yau, wanda mahaifiyarsa mutuniyar Katsina ce. An sayar da shi zuwa Brazil, a 1847 kuma jirgin ubangidansa ya tsaya a New York, inda ya nemi 'yancinsa a gaban kotu, daga baya ya tsere. Jaridun birnin, har da National Anti-Slavery Standard, sun ba da labarin shari'ar. Amma da aka buga tarihinsa a Detroit a 1854, Samuel Moore ne ya tsara shi, kuma a wurare da yawa muryar Moore ce mai karatu ke ji. Wato ɗab'i ya adana sunan Baquaqua, amma ya tace maganarsa.

Ƙasar Hausa

A nan gida al'amarin ya ɗauki wata hanya dabam. Dokar Lugga ta 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta kuma 'yanta 'ya'yan da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar, amma ba ta haramta mallakar bawa ba. Bayi da yawa sai ta hanyar murgu da fansa a gaban alƙali suka sami kansu. Ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa ta fara fitowa a Zariya a 1939. Ke nan bauta ta ƙare bisa doka kafin a sami jaridar Hausa mai ƙarfi da za ta zama dandalin muhawara a kanta. Shi ya sa littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yake da daraja ta musamman, domin ya nuna raɗaɗin raba uwa da ɗanta ta bakin wanda abin ya shafa, ko da yake ƙagaggen labari ne.

Kammalawa

A taƙaice, jarida ta taimaka ƙwarai inda aka same ta, amma ba ita ce muryar bawa ba. Saboda haka muna kira ga manazarta da su koma ga takardun shari'ar fansa da ke Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da bakin tsofaffin da suka taso a rinji, tun kafin ƙasa ta rufe idonsu. A can ne za mu ji abin da editoci ba su rubuta ba.