Baban Sadik da tambayar da ta rage mana

'Yan'uwa ɗalibai, duk mai karanta jaridar Aminiya ya san Abdullahi Salihu Abubakar, wato Baban Sadik. Shekara da shekaru yana bayanin kwamfuta, wayar salula da intanet da Hausa, har ya yi littafi, Fasahar Intanet a Sauƙaƙe.

Aikinsa babba ne. Lokacin da masu boko ke cewa Hausa ba ta iya ɗaukar ilimin na'ura, shi zama ya yi yana neman kalmomi. A rubutunsa da yawa suka fara cin karo da "babbar manhaja" da "'yan dandatsa", masu kutse cikin kwamfutar mutane. Ba ya raina mai karatu, kuma yana amsa tambayoyin da ake aiko masa.

Amma fa sai mun faɗi gaskiya. Ƙarfinsa na wajen bayanin yadda na'ura ke aiki da yadda mutum zai kare kansa. Mai karatun da yake hange ɗan birnin Nijeriya ne mai iya boko. Mu nan Tanda fa? Manomi da 'yar kasuwa ba rubutu suke ba, saƙon murya suke turawa ta WhatsApp. Nan ake jin canjin naira da sefa, nan kuma jita-jita ke yaɗuwa babu mai tantancewa.

Sannan wa ke riƙe da makunnin? Bayan zaɓen Fabrairun 2021 an yanke intanet na salula a Nijar kwana 10. A shekarar nan Nijeriya ta rufe Twitter, ta kuma katse layukan waya a Zamfara. Da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, ta waya mutane suka riƙa jin inda kwalekwale ke tsallaka kogi da nawa ake biya. Ka ga ke nan maganar ta wuce na'ura, ta koma maganar iko da abin tuwo.

Ba laifinsa ba ne, mutum ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya ba mu kalmomi. Labarin abin da intanet ke yi wa Gaya, Kamba da Malanbil kuwa, in ba mu rubuta shi ba, wa zai rubuta?