Kafin Almakashi: Finafinan Amurka na 1930-1934 da Kaset ɗin Kano na Farko

Duk wanda ya yi wayo a Maraɗi a ƙarshen shekarun 1990 ya san lokacin da kaset ɗin Kano ya fara goga kafaɗa da na Indiya da na Sin a gidajen kallo na unguwanni. Kaset ɗin yakan biyo hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa cikin kayan ƴan kasuwa, kafin mako ya zagayo an gan shi a Sabon Gari, an are shi zuwa Tsibiri da Jiratawa. A yau, idan hira ta biyo ta kan Sangaya (1999) ko Wasila (2000), sai a ji manya suna cewa finafinan da sun fi na yanzu tarbiyya. Maganar tana bukatar a sake duba ta, domin waɗannan finafinai an yi su ne kafin Kano ta kafa hukumarta ta tace finafinai a 2001, kuma sun taɓo abubuwan da na baya suka riƙa kewaye wa. Wasila labarin matar aure ne da ta ci amanar mijinta. Saliha? kuwa (1999), mai alamar tambaya a jikin sunansa, ya nuna budurwa mai hijabi wadda daren aurenta ya tona cewa zahirinta ya saɓa wa baɗininta, kuma ƙurar da ya tayar ta kai ga barazana ga ran waɗanda suka shirya shi.

Irin wannan mantuwa ta samu Amurkawa. Yawancinsu sun ɗauka tsohon fim mai baƙi da fari fim ne mai kunya, inda mugu ba ya kai ƙarshen labari sai ya ga sakayya. Wannan siffa doka ce ta haife ta. A 1921 aka zargi ɗan wasan barkwanci Roscoe Arbuckle da hannu a mutuwar wata ƴar wasa. Kotu ta wanke shi a 1922, amma sunan sana'ar ya riga ya ɓaci, sai kamfanoni suka ɗauko ɗan siyasa Will Hays ya zama shugaban ƙungiyarsu. A 1930 suka amince da kundin ƙa'idoji wanda wani limamin Katolika, Daniel Lord, da mawallafi Martin Quigley suka tsara. Shekara huɗu kundin yana ajiye, ana yi masa riƙon sakainar kashi, domin tattalin arziki ya karye tun 1929 kuma kamfanoni na neman duk abin da zai jawo mai kallo. Sai a Yulin 1934, bayan cocin Katolika ta yi gangamin ƙaurace wa gidajen silima, aka buɗe ofishin Joseph Breen, aka sa tarar dalar Amurka 25,000 a kan kamfanin da ya saki fim ba tare da hatimi ba. Tsarin bai faɗi ba sai 1968.

Mai kallon Maraɗi ba baƙo ba ne ga wannan jeri. A Nuwamban 2000 zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA ta tashi a Yamai, ta iso Maraɗi, inda aka afka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. A Disamban shekarar gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim. A 2007 wani bidiyon sirri na wata ƴar wasa, wanda ba fim ba ne, ya bazu ta wayoyin hannu. Aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa, aka tsayar da ɗaukar fim na watanni, kuma a ƙarshen 2008 aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a kan fim ɗinsa Tsintsiya. A Kano kamar a Amurka, abin kunyar a waje ya faru, almakashin kuwa a kan labari ya sauka.

Fim ɗin da ya fi dacewa a auna wannan al'amari da shi shi ne Baby Face (1933), wanda Alfred Green ya ba da umarni, Barbara Stanwyck ta fito a matsayin Lily. Dalili kuwa, yana da kwafi biyu. Hukumar tacewa ta jihar New York ta ƙi kwafin farko, kamfanin Warner ya yanke ya sake ɗinki, aka nuna na biyun, aka ɗauka na farkon ya ɓata, har 2004 da aka gano shi a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Tsakaninsu bai fi minti 5 ba. Wannan ma ya isa ya nuna cewa zamanin da ake kira na kafin tacewa ba zamanin sakin linzami ba ne: jihohi na da nasu hukumomi, kamar yadda Nijeriya ke da hukumar tacewa ta tarayya tun 1993.

Lily ta tashi a haramtacciyar mashayar mahaifinta, a garin masana'antar ƙarfe, kuma uban ne da kansa yake miƙa ta ga maza tun tana ƴar shekara 14. Bayan mutuwarsa ta tafi New York, ta shiga aiki a wani banki, ta riƙa hawa daga bene zuwa bene ta hanyar mazan da ke riƙe da kowane ofis. Duk lokacin da ta ci gaba, kyamara kan bi bangon ginin ta waje ta hau sama, ba a ce komai ba. Babu tsiraici a fim ɗin, ko a kwafin farko. Ƙofa ce ke rufewa, mai kallo ya fahimci saura. To me aka gyara? An rage abin da ke bayyana cinikin da uban yake yi da ƴarsa. Wani tsoho mai gyaran takalma, wanda a kwafin farko yake karanto mata Nietzsche yana zuga ta ta juya maza kafin su juya ta, an mai da maganarsa nasiha a kan bin hanyar ƙwarai. An kuma liƙa ƙarshe inda ta koma garin da ta baro, cikin talauci, wai ta samu kwanciyar hankali. Sakamakon ya zo a karkace: Lily ta kwafin da aka tace ta fi muni, domin an bar aikinta an dusashe dalilinsa, an ba ta nasiha ta take. Ta kwafin farko yarinya ce da aka sayar, ta koyi farashinta, ta ƙi yarda wani ya sake karɓar kuɗin. Stanwyck ba ta neman tausayin kowa. Idonta a bushe yake, kuma nan ne ƙarfin wasan.

Ba mata da maza kaɗai finafinan suka taɓo ba. I Am a Fugitive from a Chain Gang (1932) na Mervyn LeRoy ya bi tsohon soja, Paul Muni, da aka ɗaure bisa laifin da aka tilasta masa shiga, aka sa masa mari yana fasa dutse. Ya gudu, ya zama mutumin kirki, hukuma ta yaudare shi da alkawarin afuwa ta mai da shi. A fitowa ta ƙarshe an tambaye shi da me yake rayuwa, ya amsa cewa da sata, duhu ya haɗiye shi. Heroes for Sale (1933) na William Wellman ya nuna wani sojan da maganin kashe zafin rauni ya zame masa jaraba. Ɗalibin lise da ya ga abin da tiramol ya yi wa samarin unguwarsu ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane shi.

Sai dai ƴancin nan bai ƙetaro teku ba. Trader Horn (1931) da Tarzan na 1932 sun fito a tsakiyar wannan zamani, kuma baƙar fata a cikinsu ɗan dako ne da ake duka ko dodo mai mashi. Theresa Harris, wadda ta fito ƙawar Lily kuma Lily ta ƙi rabuwa da ita ko da masu kuɗi sun nema, tana cikin ƴan tsirarun da aka bari su yi kama da mutane. A 1934 ɗin da Breen ya kama aiki ne kuma Faransa ta fitar da dokar Laval, wadda ta hana ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da take mulka sai da izinin gwamna. Da ita aka yanke wa René Vautier ɗaurin shekara guda saboda Afrique 50. Sai bayan samun mulkin kai Oumarou Ganda ya iya yin Le Wazzou polygame, labarin alhajin da ya auri yarinyar da aka yi wa wani alkawarinta, fim ɗin da ya ci Étalon de Yennenga na farko a FESPACO a 1972. Idan ana neman ɗan'uwan Baby Face a Nijar, shi ne, ya kuma fi shi sanin ciwon abin da yake faɗa.

Kaset ɗin Kano na farko bai kai waɗannan ƙwarewa ba. Sauti na rawa, waƙa na cinye rabin lokaci, aron labarin Indiya a fili yake, kuma sau da yawa tuba da wa'azi ke rufe labarin tun kafin wata hukuma ta nema. Amma tambayar da Saliha? ya yi, wato ko tufafi shaida ne a kan hali, tambaya ce da aji zai iya ɗauka da muhawara ta awa biyu, kuma ƙungiyar al'adu da ta haɗa shi da Baby Face a dare ɗaya, bayan malami ya fara kallo shi kaɗai ya auna shekarun masu zuwa, za ta samu abin tattaunawa. Matsalar ita ce samun kwafi. Na Amurka an gyara shi, ana samunsa a faifai da intanet. Na Kano a kan zaren VHS aka buga shi, zaren da zafi da ƙura ke ci, kuma abin da ya rage yana cikin kwalaye a bayan tsofaffin shagunan haya da ɗakunan waɗanda suka saya a lokacin.