Kiredit Sittin da Mai Lissafinsu

A Amurka akwai makarantun da ake kira kwalejojin al'umma. Karatun shekara biyu ake yi a cikinsu, kuɗinsu da sauƙi, kuma kusan duk wanda ya gama sakandare ƙofarsu a buɗe take gare shi. Ta farko cikin na gwamnati ita ce ta Joliet a jihar Illinois, wadda ta fara aiki a 1901. A aji ɗaya za ka tarar da matashi ɗan shekara 18, ga direban tasi mai 'ya'ya huɗu, ga baƙuwa daga Kumasi ko Yamai da ta sauka a unguwar Bronx ta birnin New York. Dukansu sai sun bi ta wani ƙaramin ofis, inda mai ba ɗalibai shawara take zaune. Wanda ya leƙa daga bakin ƙofa zai ɗauka sa hannu a fom kawai take yi.

Kayan aikinta kaɗan ne. Akwai kundin kwaleji mai ɗauke da kowane darasi da sharaɗin shigarsa, akwai takardar sakamakon ɗalibi, akwai manhaja irin su DegreeWorks da ke nuna abin da aka gama da abin da ya rage. Sai farar takarda da za ta raba gida huɗu, kowane gida zangon karatu ɗaya.

Ba ta fara taɓa takardar nan. A 1972 wani masanin waɗannan kwalejoji, Terry O'Banion, ya jera aikin a matakai biyar: me mutum yake nema a rayuwa, wace sana'a, wane fanni, waɗanne darussa, sannan daga ƙarshe jadawali. Yawancin ɗalibai da mataki na biyar suke shigowa, su ce a ba su ajin da ba zai ci karo da lokacin aikinsu ba. Gwanar sai ta mayar da su na farko cikin ruwan sanyi.

A ce mai shigowar uwa ce da ke aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Za a tambaye ta: "Nan da shekara biyar, ina kike son ganin kanki?" Ta ce aikin jinya. "Ƙarfe nawa kike tashi daga aiki? Wa yake kai yara makaranta? Mota gare ki ko bas kike hawa?" Kowace amsa tana da wurinta a lissafi. Wadda take tashi ƙarfe bakwai na safe ba a sa mata darasin ɗakin gwaje-gwaje ƙarfe takwas, ko da ta rantse za ta iya.

Daga nan lissafi ya soma, kuma daga ƙarshe ake faro shi. Kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi. Yawancin darussa uku-uku ne, digirin shekara biyu kuma kusan 60 yake buƙata. A nan akwai tarko. Ɗalibin da ya ɗauki kiredit 12 a zango, a hukumance cikakken ɗalibi ne, sai hankalinsa ya kwanta. Amma 12 sau huɗu 48 ne. Mai son gamawa a shekara biyu sai ya ɗauki 15, ko ya cike gibin da karatun bazara. Ɗan ƙaramin lissafi ne, amma ɗalibai da yawa ba su gano shi sai a zango na huɗu.

Sai kuma darussan da ke saƙe da juna. Mai neman jinya dole ta ci kashi na ɗaya na ilimin sassan jiki kafin a bar ta ta shiga na biyu, kuma a kwalejoji da yawa sai ta ci waɗannan da maki mai kyau kafin ma ta nemi gurbi a sashen jinya, wanda ake gasa a kansa. Wani darasin kuma sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. Mai shawara sai ta ɗora fensir a gida na huɗu, ta rubuta darasin ƙarshe, ta duba sharaɗinsa ta sa a gida na uku, haka har ta iso na farko. Kamar madugu ne da yake ƙirga kwanakin da ke tsakanin rijiya da rijiya tun ayari bai ɗaura kaya ba. Ko darasin lissafi da kansa hanya biyu gare shi: mai nufin injiniya yana bin layin da zai kai shi kalkulas, mai nufin aikin jin daɗin jama'a sau da yawa ƙididdiga ta ishe shi. Wanda aka sa a layin da ba nasa ba, shekara guda na iya tafiya a banza.

Inda na fi jinjina wa masu ba da shawarar nan shi ne batun canjin makaranta. Da yawa daga cikin ɗaliban nan burinsu su ƙarasa a jami'a su sami digirin kiredit 120. To amma jami'a ba dole ba ne ta karɓi duk abin da aka karanta. Wani rahoto na ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka a 2017 ya ƙiyasta cewa masu canza makaranta suna asarar kusan kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Kuɗi ne aka biya, dare ne aka raba ana karatu. Shi ya sa gwanar take tambayar sunan jami'ar tun ranar farko, ta buɗe yarjejeniyar da ke tsakanin makarantun biyu, ta bi ta layi-layi. Ba ta tsayawa a kan cewa za a karɓi darasi. Sai ta tabbatar a cikin fannin za a lissafa shi, don wanda aka karɓa a matsayin ƙari kawai bai rage wa ɗalibi tafiya ba.

Haka dokokin kuɗi suke a kanta. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda ake nema ta fom ɗin FAFSA, iyakarsa zango 12 na cikakken karatu a duk rayuwar mutum. Don ya ɗore, galibi ana son matsakaicin maki 2.0, da cin kusan kashi 67 cikin ɗari na abin da aka ɗauka. Saboda haka idan ɗalibi ya zo zai janye daga darasi, ba ta gaggawar cewa e ko a'a. Janyewa ba ta taɓa matsakaicin maki, amma tana rage kason abin da aka ci. Idan kuma baƙo ne mai bizar F-1, wanda ba ya samun Pell, sauka ƙasa da kiredit 12 ba da izini ba na iya taɓa zamansa a ƙasar. Sai ta aike shi ofishin ɗaliban ƙasashen waje kafin ya danna komai.

Akwai mai zama a irin wannan kujera ya karɓi fom, ya sa hannu, ya ce na gaba. Babu wanda zai kama shi da laifi a ranar, domin ɓarnar sai bayan zango uku take fitowa. Gwanar kuwa, bayan ɗalibi ya fita, sai ta rubuta abin da suka tattauna. Idan malami ya turo sanarwa cewa wance ta daina zuwa aji, ba ta jiran a zo. Ita take ɗaga waya.

An auna amfanin wannan bibiya. Jami'ar Birnin New York ta fara wani shiri mai suna ASAP a 2007, inda aka rage yawan ɗaliban da ke hannun kowane mai shawara, aka wajabta ganawa a kai a kai, aka haɗa da katin shiga jirgin ƙasa da bas da littattafai. Cibiyar bincike ta MDRC ta bi sawun ɗaliban: cikin shekara uku kashi 40 cikin ɗari sun gama, a kan kashi 22 na waɗanda ba sa cikin shirin. Daga baya wasu kwalejoji uku a jihar Ohio suka ɗauki tsarin, su ma adadin masu gamawa ya kusa ninkawa.